Tsere tara ya ci, amma kofi ya wuce shi

Sani, ka tambaye ni yadda aka yi Kevin Harvick ya ci tsere tara a 2020, amma Chase Elliott ya tafi da kofin NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka. Ba maguɗi aka yi ba, tsarin lissafin ne ya kayar da shi. Ajiye sifanar nan ka saurara.

Babban rukunin NASCAR a Amurka tsere 36 yake yi a shekara. Daga 1975 zuwa 2003 lissafin a miƙe yake: kowane tsere a ba ka maki gwargwadon matsayin da ka ƙare, ƙarshen shekara a tara. Wannan tsarin ya fi yi wa makanike daɗi, don motar da ba ta mutuwa a hanya ita ke da riba. Da shi Matt Kenseth ya zama zakara a 2003 da nasara ɗaya tak, Ryan Newman mai takwas ya ƙare na shida. Shekara na zagayowa aka ware tsere goma na ƙarshe, aka ce manyan direbobi su sake karawa kusan daga farko.

A 2014 aka ƙara tsaurarawa. Mutum 16 ke shiga, kuma wanda ya ci ko da tsere ɗaya cikin 26 na farko kusan ya samu kujera. Daga nan sai sallama: bayan kowane tsere uku a zubar da huɗu, su koma 12, su koma 8, su koma 4. Waɗannan huɗun a share musu maki, a yi tsere ɗaya, wanda ya riga sauran ukun shi ne zakara, ko da bai zo na ɗaya a tseren ba. Daga 2017 nasara maki 40 ce, na biyu 35, sannan aka raba tsere kashi-kashi, goman farko a kowane kashi su samu daga maki goma zuwa ɗaya. Mai nasara kuma yana da guzurin maki biyar da yake shiga kowane mataki da shi. Harvick ya tara guzurin sosai, amma a matakin mutum takwas biyu daga cikin abokan karawarsa suka ci tsere suka kama kujeru biyu cikin huɗun, motarsa ta ƙi gudu a Martinsville, tseren ƙarshe na wannan matakin, ya tunkuɗi Kyle Busch a kwanar ƙarshe don neman matsayi ɗaya, tasa motar ta juya. Shi ke nan, aka sallame shi kafin tseren ƙarshe, Elliott ya tafi da kofin.

Inda abin ya shafe mu shi ne bakin canjin taya. Dubi tseren ƙarshe na 2025 a Phoenix, inda Denny Hamlin da Kyle Larson ke cikin huɗun da ke neman kofi. Denny Hamlin ne ya yini a gaba, saura 'yan zagaye tayar William Byron ta fashe, aka ɗaga tutar rawaya ta rage gudu, yawancin motoci suka shigo canjin taya. Yaran Hamlin suka sa masa taya huɗu, na Kyle Larson suka sa biyu na dama kawai. Taya biyu ta fi saurin ɗaurewa, sai Larson ya fito a gabansa, kuma zagayen da suka rage ba su isa sababbin tayoyin Hamlin su rama ba. Larson bai jagoranci zagaye ko ɗaya ba ranar, ya ƙare na uku, ya ɗauki kofi. Ni dai ban ga laifin mai gidan garejin Hamlin ba. Taya huɗu shawara ce mai kyau, lokaci ne ya yi kaɗan. Amma aikin wata tara a rataye shi a kan tsayuwa ɗaya ta 'yan daƙiƙu, wannan bai taɓa kwanta mini ba.

A farkon 2026 hukumar NASCAR ta soke sallamar: 16 mafi yawan maki su shiga, a tara makin tsere goman gaba ɗaya, nasara kuma ta koma maki 55.