Kiɗa a bakin titi a Yamai: sana'a ce ko bara?

Tambaya: Malam, shekarata 19, ina zaune a Bukoki, ina kaɗa gurumi, ina ɗan taɓa jita. Ina gani a salula yadda samari a Faransa ke tsayawa bakin hanya suna kiɗa, masu wucewa na jefa musu kuɗi cikin hula. Ina so in gwada a nan Yamai, amma babana ya ce bara ce. Za a iya cin abinci da wannan? Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanena, za a iya, sai dai ba yadda ka gani a salula ba. Can mutum na tafe a ƙasa, ya ji kiɗa, ya jefa ƴan silalla ya wuce, bai san makaɗin ba kuma bai damu ya sani ba. A nan kyautar makaɗi sanayya take bi. Bahaushe ko Bazabarme yana liƙi ne inda ake ganinsa, ga wanda ya faranta masa rai a gaban mutanensa. In ka tsaya a ƙofar Babbar Kasuwa ko Katako da tsakar rana, ƙarar motoci da ihun ƴan tura kura za su haɗiye gurumin, wanda ya ba ka dala ashirin kuma don tausayi ya ba ka. Wannan shi babanka ke gudu, kuma yana da gaskiya.

Saboda haka ka bar inda mutane ke wucewa, ka nemi inda suke zaune. Yamai garin fada ne. Kowace unguwa akwai samari da ke kewaye da butar shayi daga bayan isha'i har dare ya raba, kuma shayin nan ba a shan sa da gaggawa, sai an yi na ɗaya, na biyu, na uku. Tsakanin zubi da zubi akwai lokacin waƙa biyu ko uku cif. Ka fara da fadar unguwarku, sannan ta abokin abokinka. Bayan su akwai teburin mai shayi da burodi, da wurin mai tsire, da tashar mota inda fasinja ke jiran mota ta cika. Ko'ina ka je, wuri da mai shi. Ka yi sallama, ka nemi shugaban fada ko sarkin tasha, ka ce masa kana so ka yi ɗan kiɗa in ba damuwa. In ya yarda ya zama garkuwarka, ko wani ya taso maka shi zai tare.

Abu ɗaya nake so ka riƙe da kyau: kada ka kama sunan mutum ka yi masa kirari bai neme ka ba. Wannan aikin maroƙa ne, gado ne da ke da gidajensa da ƙa'idarsa, kuma da zarar ka zuga mutum a gaban jama'a ka ɗora masa nauyin kyauta ko yana da shi ko babu. Zai ba ka, amma gobe in ya hango ka zai sauya hanya. Kai ka yi waƙarka, ka ajiye ƙwarya a gefe ba a gaban kowa ba, ka gama ka yi godiya ko an sa ko ba a sa ba. Da an kira salla ka ajiye kayan kiɗa, kada ka jira a ce maka.

Batun kuɗi, kada in yaudare ka. Wani daren ka tashi da dala ɗari, wani daren jika ɗaya ko biyu, wani daren shayi kawai ka sha. Ribar titi ita ce a san ka. Kuɗin makaɗi a ƙasar nan yana wurin biki da suna, kuma wanda ya ji ka a fada shi zai ce wa yayarsa ga yaron da za a kira ranar aurenta. In an ɗauke ka a salula kada ka hana, ka dai faɗi sunanka a farkon waƙa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta fari don gidansu ba sa son kiɗa, kuma waƙoƙinsa daga salula zuwa salula suka yaɗu kafin a kira shi Turai da Amurka.

Muddin kai kaɗai ne da gurumi a fada, yardar mai wuri ta isa ka fara. In za ka kafa lasifika ka tara jama'a, ka je ofishin magajin garin da'irarku, ɗaya cikin biyar na Yamai, ka nemi izini tukuna. Ka nisanci bariki da ma'aikatu da gada, balle da ɗaukar hoto. Ka kuma kula da kayan aikinka: daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, yana banƙarar da wuyan jita, da damina kuma fatar gurumi takan saki, sai ka ɗan shanya ta kafin ka fita.

Shi kuwa baba, gardama ba za ta sauko da shi ba. Ka je cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya, inda marigayi Malam Maman Barka, gwanin gurumi da ya rasu a 2018, ya yi aiki, ka tambayi yadda ake shiga. Ka sa ido kan gasar Dan Gurmu ta Tawa, wadda aka fara a 1987. In ka haɗa waƙoƙin kanka ka kai su BNDA, hukumar kare haƙƙin mallakar masu fasaha ta Nijar, a rubuta da sunanka. Sannan ka nemi kawunka ko wani dattijon da baba ke jin nauyinsa, ya zo ya ji kiɗanka da kunnensa, shi ya je ya yi masa magana.