Tambaya da Amsa: Wasa ɗaya finafinai barkatai, ya za a sa musu suna a kundin sani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali da fatan kowa lafiya. Ni ɗaliba ce, mu kaɗan ne muka haɗu muna rubuta maƙaloli a kundin sani na intanet, kwanan nan muka shiga ɓangaren wasannin kwaikwayo to da muka zo kan Macbeth na Shakespeare sai gardama ta kaure, wani yace a zuba komai a maƙala ɗaya da wasan da finafinan da aka yi da shi duka, wani yace a'a kowanne a buɗe masa tasa, wata ƙawata kuma bata ma jira ba ta buɗe guda biyu ta sa musu Macbeth 1 da Macbeth 2. Don Allah Malam a raba mana gardamar nan kafin zumunci ya lalace. Daga wata mai bibiyar wannan shafi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara muku ƙwazo. Bari in fara da ƙawarki, ki gaishe min da ita amma kice mata lambobin nan a cire su yau ba sai gobe ba, don duk wanda ya ga Macbeth 2 ɗauka zai yi ci gaban labari ne, wai bayan an sare wa Macbeth kai a ƙarshen wasan ya sake dawowa, alhali labari ɗaya ne mutane daban daban suka sake yi. Kuma wa zai zama na 1 ɗin ma? Gobe in kuka gano wani fim da ya girme su duka sai ku bi ku sake lamba kenan.

Abin da za ku riƙe shi ne sunan maƙala ba don ku marubuta aka yi shi ba, don mutumin da ya zo nema ne, ya rubuta kalma ɗaya yana so ya faɗa inda ya nufa. To wanda ya rubuta Macbeth kawai me yake nema? Galibi wasan ne, wanda Shakespeare ya rubuta wajen 1606 aka fara buga shi a 1623 bayan rasuwarsa. Don haka wasan shi ke ɗaukar sunan zalla ba wani ƙari. Sauran duk masu amsa sunan su za a yi wa ɗan ƙari a cikin baka biyu, gajere iya abin da zai bambanta su, kamar dai malamin da ke da ɗalibai uku masu suna ɗaya a aji, dole ya ƙara wa kowa wani abu in ba haka ba ya kira ɗaya uku su miƙe.

Ga finafinai ƙarin da ya fi aiki shi ne shekara. Orson Welles ya yi nasa a 1948, Roman Polanski a 1971, Justin Kurzel a 2015, to sai ku rubuta Macbeth (fim na 1948), Macbeth (fim na 1971), Macbeth (fim na 2015) shikenan. Na san wani a cikinku zai ce me zai hana a sa sunan darakta ai ya fi ma'ana, to ga amsarsa, shi Orson Welles ɗin sau biyu ya taɓa wannan wasan, a 1936 ya shirya shi a dandamali a unguwar Harlem ta birnin New York da ƴan wasa baƙar fata zalla ya kuma mayar da labarin wani tsibiri na yankin Karibiyan, sannan bayan shekara 12 ya yi fim ɗin, in kuka rubuta sunansa kawai a baka wanne kuke nufi? Sannan mutane da yawa sun san fim tsoho ne ko sabo amma basu san wa ya ba da umarni ba. Abu ɗaya dai ku daidaita tun yanzu, shekarar da aka fara nuna fim ga jama'a ita ake sawa, ba shekarar da aka fara ɗaukarsa ba, in baku tsayar da wannan ba wallahi wata gardamar na nan tafe.

Akwai wani ɗan tarko a nan, fim ɗin Joel Coen na 2021 sunansa The Tragedy of Macbeth, kya ce ai sunan daban ne baya buƙatar baka, amma wannan shi ne cikakken sunan wasan kansa a bugun 1623, don haka shi ma a sa masa shekararsa, sunan zalla kuma a mayar da shi shafin da zai riƙa tura mutum zuwa maƙalar wasan.

Wani lokaci shekarar ma bata isa. Hamlet, wani wasan Shakespeare, an yi fim ɗinsa a Tarayyar Sobiyet a 1964 na Grigori Kozintsev, a wannan shekarar kuma aka ɗauki wasan dandamalin da Richard Burton ya yi a Amurka aka nuna a sinima, a irin wannan sai a ƙara ƙasa ko wani abin da ya fi fito da bambancin. Amma sai an yi karon fa, kar ku riƙa cika baka da shekara da ƙasa da darakta da harshe don kawai kuna da bayanin, wurin wannan yana cikin maƙala. Ɓangaren ofera kuma, wato wasan da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, su masu abin da sunan wanda ya tsara kiɗan suke gane shi, Rossini ya yi Otello a 1816 Verdi ya yi nasa Otello a 1887 duk daga Othello na Shakespeare aka ɗauko, to a nan sunan mutum ya fi shekara amfani, Otello (Rossini) da Otello (Verdi).

Yanzu waɗanda suka canza suna gaba ɗaya, su ne ma suka fi daɗin sha'ani amma nan mutane suka fi kwafsawa. Throne of Blood na Akira Kurosawa da ya fito a 1957 Macbeth ne aka kai shi Japan ta zamanin mayaƙa, Maqbool na Vishal Bhardwaj a 2003 shi ma Macbeth ne a cikin ƴan dabar Mumbai har mayun nan na wasan suka koma ƴan sanda biyu ƴan cin hanci, uMabatha na Welcome Msomi kuma da harshen Zulu. Kowannensu sunansa za a bar masa, kar wani ya ce don a tsara abu da kyau bari a kira shi Macbeth (na Japan), babu wanda ya san shi da wannan sunan kuma ku ba ku da hurumin raɗa wa aikin wani sabon suna. Dangantakar a jimlar farko ta maƙala ake faɗinta, ace fim ne na shekara kaza da aka baddala, wato aka sake gina shi, daga wasa kaza, a sa mahaɗa, sannan a ƙasa a saka shi a rukunin ayyukan da aka ɗauko daga Macbeth, duk mai son ganinsu a jere nan zai je.

Saura masu gardama biyun farko, kowa na da rabin gaskiya. Mai cewa a zuba komai wuri ɗaya, in aka bi tasa maƙalar wasan za ta kumbura har mai neman zubin labari da jigo da taurari ya ɓace a cikin sunayen ƴan fim. Mai cewa kowa a buɗe masa tasa kuma, to ai babu shekarar da ba a shirya Macbeth a makarantu da gidajen wasa a faɗin duniya ba, duk za ku buɗe musu? Ni yadda nake gani maƙalar wasan ta samu sashe guda na baddalawa, kowane aiki layi ɗaya ko biyu da mahaɗa, in sashen ya yi tsawo a cire shi a yi masa maƙalar jeri daban a bar taƙaitawa. Wanda zai samu maƙalar kansa kuwa sai in akwai rubuce rubuce a kansa daga mutanen da ba su suka yi shi ba, masu sharhi da manazarta, har za a iya cika shafi da su. Shirin 1936 ɗin can na Harlem ya cancanta don an yi ta rubutu a kansa, amma yawancin shirye shiryen dandamali ambato ya ishe su wasu ma ko ambaton basa buƙata.

Kar ku manta da shafin rarrabewa, don Macbeth ba wasa da finafinai kaɗai bane, akwai sarkin gaske mai wannan suna da ya mulki Sikotilan daga 1040 zuwa 1057, ga kuma shi tauraron cikin wasan wanda bai yi kama da sarkin tarihin ba sosai. A saman maƙalar wasan ku sa ɗan layi mai kai mutum wannan shafin, shi kuma shafin jeri ne kawai, suna da ƴan kalmomi na bayani, ba wurin sharhi bane.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. To in fim ya fi wasan da aka ɗauko shi suna fa, har mutane basu ma san akwai wasan ba, shi ma dole wasan ne zai riƙe sunan don ya riga zuwa? Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, a'a ba dole, riga zuwa kaɗai bata ba da sunan. A Few Good Men wasan dandamali ne na Aaron Sorkin tun 1989 amma fim ɗin 1992 shi duniya ta sani, in ka bar wa wasan sunan zalla yawancin masu nema za su faɗa inda ba nan suka nufa ba, gara fim ya ɗauka wasan a sa masa (wasan kwaikwayo). Sai dai ina da ja a kan masu saurin yin haka, fim ya fito bana ana ta surutunsa sai a ƙwace wa wasan da ya shekara ɗaruruwa sunansa, bayan shekara biyar an manta da fim ɗin, a dinga duba abin da zai daɗe ba abin da ake yayi kawai ba. In kuma abin ya yi kunnen doki kowa a sa masa baka, sunan zalla ya zama shafin rarrabewa. Dubi Antigone, suna ne na wata mace a tatsuniyoyin Girka, Sophocles ya yi wasa da sunan, Jean Anouilh ya yi nasa a Faransa aka nuna a 1944, Bertolt Brecht ma ya yi a 1948, duk wasanni ne don haka cewa (wasan kwaikwayo) bata raba komai ba, sai dai sunan marubuci.

Wani abin da tambayarka ta tuno min shi ne baddalawa kan baddalawa. West Side Story wasan waƙa ne na 1957 da aka gina kan Romeo and Juliet na Shakespeare, aka yi fim ɗinsa a 1961 aka sake a 2021, to finafinan nan biyu uwarsu wasan 1957 ne, shi za a fara ambata, Shakespeare kaka ne sai ya biyo baya, shi kansa ma daga wata doguwar waƙar Arthur Brooke ta 1562 ya ɗauko labarin.

TAMBAYA: Malam fassara ma ana buɗe mata maƙala daban? Sannan in na ga fim ya yi kama da wani wasa zan iya sa shi a jerin? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Malama yawanci fassara bata buƙata, wasan nan ne dai da wani harshe, sai a ambace ta a sashen fassarori na maƙalar wasan, sai fa in ita kanta ta zama abin nazari kamar Julius Caesar na Shakespeare da Julius Nyerere ya fassara zuwa Swahili a 1963. Amma irin The Gods Are Not to Blame na Ola Rotimi ba fassara bace, sabon wasa ne da ya ɗauki labarin Oedipus na wasan Sophocles ya sake gina shi a ƙasar Yarabawa, maƙalarsa daban da sunansa. Batun kama kuwa a'a, idonki kaɗai bai isa hujja ba, labaran ɗan sarkin da kawunsa ko baffansa ya kashe masa uba suna da yawa ba duka ne Hamlet ba, sai in masu fim ɗin sun faɗa da bakinsu ko manazarta sun rubuta, shi ma ki rubuta wa ya faɗa kuma ki bambanta wanda aka baddala kai tsaye da wanda aka ce ya ɗan yi tasiri a kansa kawai.