Me ya sa taurari suke fitowa farare fat a hotona?

Tambaya: Ina da ƙaramin madubin hangen nesa, faɗin bakinsa milimita 80, tsawon fokas ɗinsa 400, da kyamarar DSLR (irin wadda ake sauya mata gilashi) da mariƙi mai mota da ke bin juyawar sama. Na ɗauki tagwayen tarin taurarin nan da ke cikin rukunin taurari na Perseus, kowane hoto minti huɗu, amma duk sun fito farare, kuma a miƙe. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, kayanka sun wadatar. Lokacin ne ya yi yawa.

Buɗaɗɗen tari irin NGC 869 da NGC 884, wato tagwayen da ka ɗauka, ba shi da dusasshen hazon da sai an daɗe kafin ya bayyana. Kyansa a launi yake: yawancin taurarin fari ne mai shuɗi-shuɗi, ga 'yan ƙalilan masu ruwan lemo a warwatse tsakaninsu. In ka bar kyamara a buɗe minti huɗu, ɗigogin da ke karɓar haske sai su cika maƙil, ja da kore da shuɗi kowanne ya kai ƙarshen ma'auninsa. Farin da kake gani ke nan, kuma launin da ya ƙone babu manhajar da za ta dawo da shi.

Sauko zuwa sakan 30, ISO (saitin ƙarfin jin haske na kyamara) 400 ko 800, a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba. Ɗauki hotuna da yawa, sannan ka haɗa su a manhajar Siril ko DeepSkyStacker. Hoto 64 in aka haɗa, ɗige-ɗigen dattin da ke bayan taurari zai ragu kusan sau takwas. Kafin ka tattara kaya, rufe bakin madubin ka ƙara guda 20 da saiti iri ɗaya, domin manhaja ta cire tabon da zafin kyamara ke bari.

Batun miƙewa kuwa, ƙara girman hoton ka duba da kyau. In duk taurari sun miƙe ta gefe ɗaya, har na tsakiya, mai yiwuwa mariƙinka bai fuskanci wurin da sama ke juyawa a kewayensa daidai ba. A arewacin duniya sake saita shi da tauraron Polaris. In na tsakiya zagayayyu ne, na gefe kawai suka baje, gilashin daidaita fili kake buƙata, kuma yawancinsu suna son tazarar milimita 55 zuwa firikwensin kyamara.

Fokas a yi shi da murfin Bahtinov, wato murfi mai tsage-tsage da ake sa wa bakin madubi, wanda ke sa tauraro ya fito da giciye da layi ɗaya a tsakiya. A yi shi a kan tauraro mai haske, har layin tsakiya ya ratsa giciyen daidai. Sake dubawa bayan awa ɗaya, don sanyin dare kan sa bututun ya ɗan takure.