Motar da ke mutuwa in ta ɗau zafi

Kai yaro, ka tambaye ni me ke sa mota ta tashi lafiya da asuba, amma da ta ɗau zafi silo, wato juyin inji a tsaye ba a taka totur ba, ya fara rawa, ta mutu a danja, ta ƙi tashi sai ta huce. Batun fulogi da batir ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san su ba ya koma wankin mota.

Wannan ciwon da zafinsa ake kama shi. Ku yaran yanzu kuna ganin mota sai ku jona kwamfuta, in ba ta nuna komai ba ku ce lafiyarta ƙalau. Motar da ta kwana a inuwa me za ta gaya maka? Bar ta a kunne da esi cikin ranar Jidda har ta mutu da kanta. Nan take ka duba, wutar fulogi ce ta ɗauke ko mai.

Wani ɗan garinmu mai jigilar masu Umara zuwa Makka ya taɓa kawo min Camry nan Sina'iya, unguwar masu gareji. Gareji-gareji ya bi, an canza masa famfon mai da kwayil, a banza. Na ajiye aikin mutane na zauna da ita, sifana ma ba ta taɓuwa don zafi. Da ta mutu na ga babu wuta. Na kwara ruwan sanyi a kan sensar kiranshaf, na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota inji na juyawa, na murɗa makulli, ta tashi. Siririyar wayar da ke cikin sensar ce zafi ke rabawa, in ta huce ta haɗe. Kwamfutar mota kuwa in ba ta ji inji na juyawa ba, ba ta sakin wuta, ba ta sakin mai. Mai motar ya yi ta rantsuwa ba shi da ko riyal ɗaya sai ya yi lodi. Na sayo orijina da kuɗina na ɗaura. Ya ce bari ya zaga ya gwada. Mutumin da ya ci tuwo a gidana! Daga baya na hango shi a masallaci ranar Juma'a, ya kau da kai. Ban yafe ba. Shi ya sa nake hana ku miƙa makulli kafin a biya.

In wuta na nan, sa geji a layin mai ka auna ƙarfin turin man, ya kamata ka ga wajen bar 3 a gejin. Kashe inji ka zuba ido. In allura ta faɗi da sauri, ko bawul ɗin famfo ya saki ko nozul mai fesa mai cikin inji na ɗiga. In nozul ne ke ɗiga za ka ji warin fetur, kuma sai an take totur ƙasa take tashi. Ka tambayi direba ko yana yawo da tanki a ƙarshe, don fetur ne ke sanyaya famfo.

Rawar silo kuwa yawanci ƙura ce. Wanke bakin totur, sannan ka bi tiyon iska da kunne, wanda zafi ya tsattsaga za ka ji yana tsotso.