Ɗana, kalangun da ke cikin waƙarka bebe ne

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma saurari waƙar da ka turo. Ka ce kana so ka ɗora kirari da kalangu a kan gambarar zamani da kiɗan rege, mahaifiyarka kuma ta ce roƙo ba gadon gidanmu ba ne, shi ne kake tambayar kawunka ko al'ada ta yarda.

Maganar gado ba za ta tsayar da mu ba. Gaskiya ne kiɗa da roƙo sana'ar gado ce. A Mali da Gini ma abin ya fi namu tsauri: in ka ji an ce Kuyate ko Jabate, ka san gidan maroƙa ne, suna jan salsalarsu har zamanin Sunjata Keita, sarkin da ya kafa daular Mali, a ƙarni na 13. Amma mu nan akwai na gado, akwai na haye. Mamman Shata bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ba, ga shi ya rasu tun 1999 amma har gobe ba a daina jin sa ba. Tsoron ƙanwata kada ta gan ka gidan biki kana bin masu kuɗi da kirari ne. Bar ni da ita.

Haɗin ma ba ku kuka fara ba. Mori Kante, ɗan gidan maroƙa daga Gini, ya ɗora kora, wato kayan kiɗan maroƙansu mai tsirkiya da yawa, a kan kiɗan rawar Turawa a 1987, Turai ta taka. A Dakar, 'yan ƙungiyar Positive Black Soul sun fara gambara da harshen Wolof tun 1989. Tiken Jah Fakoly na Kodibuwa yana sa kora da ngoni, wani irin molo, cikin rege. Sidiki, ɗan marigayi Tumani Jabate, ya gaji kiɗan kora mai tsirkiya 21 daga ubansa, kuma shi ne yake haɗa wa 'yan gambarar Bamako kiɗa. Sai dai ka rage cika baki da cewa gambarar Amurka daga wurinmu aka ɗauka. Kama akwai, ba musu. Amma a unguwar Bronx ta New York ta tashi a 1973, wanda ake jingina masa farkonta kuwa, Kool Herc, haihuwar Jamaika ne, ƙasar da rege ya fito. Kowa a ba shi nasa.

Abin da al'ada take nema a wurinka shi ne ka san mai abin da za ka ɗauka. A wurinmu kowane kiɗa da mutanensa. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba da 'yan bori, gangar noma ta manoma. Kotso da taushi da jauje na fada ne. Da kotso Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa. Tambari da kakaki kuwa sarki kaɗai ake yi wa, kada in ji su a waƙar soyayya. A baiti na biyu na ji ka ɗauko kirarin da ake yi wa sarki ka yi wa kanka. Cire shi. Kirari yana da mai shi, yana da dalilin da ya sa aka yi shi: wani yaƙi, wata kyauta, wani kaka. Maroƙin ƙwarai kafin ya buɗe baki ya san uban wanda zai wasa, ya san kakansa, ya san abin da ba a faɗa a gaban jama'a.

Sannan kalangun nan naka. Na san daga kwamfuta ka ciro shi, don ba ya cewa komai. Ka tsaya kusa da makaɗi ka kalli hammatarsa: yana matse tsirkiyar, fata ta ɗaure, murya ta hau; ya saki, ta sauko. Da haka yake kiran sunan mutum, har mutumin ya waiwayo daga ƙarshen fage ba wanda ya yi masa magana. Bugun da ka maimaita daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta amo ne kawai. Kai ma a wasu wuraren kana murɗe harshe don ya hau kan kiɗa, inda murya za ta sauka ka ɗaga ta, sai ka ce Bature ne ya koyi Hausa a littafi. A wurin tsofaffin makaɗa, kiɗa ne yake bin magana.

Inda na fi jin daɗin waƙarka shi ne wurin da ka taɓa tsadar rayuwa. Nan rege da gambara suka haɗu da zambo da habaici. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya har karen mota ya yi wa waƙa. A Senegal, 'yan gambara suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar fafutuka ta Y'en a Marre a 2011, suka taimaka wajen hana shugaban ƙasa Abdoulaye Wade zarcewa a zaɓen 2012. Bambancin kawai, habaici ba ya kama suna, mai shi ne yake tsarguwa. Ku kuwa kun fi son ku faɗi komai ƙuru-ƙuru, har da ashar. Wannan ban da ita.

In za ka yanko muryar wani makaɗi da ya riga mu gidan gaskiya, ka je ka gai da iyalansa, ka nemi izini, ka ba su haƙƙinsu, ka kuma ambaci sunansa. Ka nemo mai kalangu na gaske ka kai shi situdiyo, ka biya shi kamar yadda kake biyan mai haɗa maka sauti, ka bar shi ya amsa maka baiti da baiti. In ka gyara ka sake turo min kafin ka sake ta. Ka gai da mahaifiyarka.