Fesa Wa Yaro Maganin Kashe Zafi a Maƙogwaro: Akwai Haɗarin Borin Jini?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara uku za a zura masa bututu mai kyamara a duba hanyar numfashinsa. An ce za a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, na kuma ji cewa yana tayar da borin jini mai kisa. Gaskiya ne?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Wani magani mai suna lidokain aka fi fesawa, kuma sau da yawa idan aka bincika sai a tarar laifin na wani abu ne: safar hannu ta roba, maganin goge fata, maganin kashe ƙwayoyin cuta ko na sassauta tsoka.

Yaron da aka sa barci ba zai ce komai ba, don haka likitan sa barci ne idonsa. Alamun borin su ne: iska ta ƙi shiga huhu, numfashi na fita da ƙara kamar usur, jini ya sauka, wani lokaci fata ta yi ja ta kumbura. Kada a jira ganin ƙuraje. Nan take a dakatar da maganin, a ba shi oksijin, a yi masa allurar adrenalin a tsokar cinya ta waje, miligiram 0.01 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 14 zai samu miligiram 0.14, a maimaita bayan minti 5 idan bai farfaɗo ba, tare da ƙarin ruwa. Maganin ƙaiƙayi ba ya maye gurbin adrenalin. Jinkirta adrenalin ne ke kashe yara.

Abin da ya fi damun mu shi ne wuce ƙima. Naman maƙogwaro yana tsotse maganin cikin sauri zuwa jini. Feshi ɗaya na lidokain mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 miligiram 10 ne, iyakar yaro kuma kusan miligiram 4 ga kowane kilo. Ke nan mai kilo 14 kada ya wuce feshi biyar. Idan aka zarce, sai jijjiga da rikicewar bugun zuciya, kuma maganinsa daban ne: ruwan kitse ta jijiya.

Ki tabbatar an auna nauyinsa a ranar. Ki gaya wa likita idan yana da asma, ko ya taɓa kumbura bayan wata allura. Idan borin ya auku, a ɗebi jininsa don gwaji cikin awa biyu, a yi gwajin fata bayan mako huɗu zuwa shida, a rubuta miki sunan abin da aka gano.