Da gaske ne hasken rana na mayar da hayaƙi ya zama mai?

Tambaya: Malam, na ji an ce masana na amfani da wasu abubuwa falle-falle marasa kauri suna mayar da iskar kabon dayoksaid ta zama man mota da hasken rana. Gaskiya ne ko zuƙi ta malle? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa, amma har yanzu aikin yana ɗakin gwaji. Ganye ake kwaikwaya, wanda ke haɗa hasken rana da ruwa da wannan iska, wadda ke fita cikin hayaƙi, ya yi abinci. Tun 1979 Akira Fujishima da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa garin wasu sinadarai a cikin ruwa, idan haske ya buge shi, yana mayar da iskar ta zama ɗan metanol, wani ruwa mai kama wuta da ake iya amfani da shi a matsayin mai.

Amfanin rashin kauri shi ne wannan. Haske na tayar da ƙwayoyin lantarki, wato ilektaron, a cikin sinadarin, kuma sai sun fito sarari kafin su taɓa iskar. Idan abu ya yi kauri, yawancinsu a hanya suke komawa gurbinsu, ƙarfin ya tafi a banza. Falle kuwa kusan duk jikinsa sarari ne. Ka duba bakin fensirinka: falle ne kan falle, kuma da salatif Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare guda ɗaya a Manchester a 2004. Cikin irin waɗannan abubuwa masu falle-falle, wanda ya fi burge ni shi ne kabon naitiraid. Takin yuriya da manomanmu suka sani, idan aka gasa shi a rufe zuwa wajen digiri 550, sai ya bar gari ruwan ɗorawa mai shan hasken rana, wato kabon naitiraid ɗin.

A 2016 masana a Jami'ar Illinois da ke Chicago suka haɗa fallayen wani sinadari mai suna tungsten diselenide da sola suka samar da kabon monoksaid da haidurojin, cakuɗin da masana'antu ke iya sarrafawa ya zama dizal.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawa. Iskar tana da taurin kai, ga shi kashi 0.04 cikin 100 kawai take a sararin da muke shaƙa, abin da ake samu kuma bai taka kara ya karya ba. Wani lokaci ma dattin da ke jikin sinadarin ne ke fitowa a zaci mai ne. Saboda haka idan ka karanta wani sakamako, fara duba ko sun yi gwajin da kabon-13, wani nau'in kabon mai ɗan ƙarin nauyi da ake sawa cikin iskar a matsayin alama, don shi ke tabbatar da cewa daga iskar man ya fito.